Yadda Ake Mayar Da Abin Da Ya Faru Da Kai Ya Zama Ƙagaggen Labari

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare aka koro mu gida wata Talata da hantsi saboda kuɗin makaranta. Maimakon in bi hanyar da na saba, sai na zaga ta bayan tasha, don kada in isa gida da wuri in tarar da tambayoyin Umma. A gindin wata darbejiya, kusa da wani ɗan masallaci, na hango keken Babanmu a jingine. Shi kuma yana zaune a kan benci da kayan aikinsa na masaƙa a jikinsa, kular abincin da aka zuba masa da asuba tana gefensa, ko buɗe ta bai yi ba. A wannan lokacin kamata ya yi a ce yana gaban inji. Bai gan ni ba. Na ja da baya a hankali, na sake hanya, kuma ban gaya wa kowa ba. Sai bayan wata uku ya faɗa mana da bakinsa cewa tun kafin azumi aka sallame su.

Da na fara rubutu, wannan ranar ce abu na farko da na so in sa a takarda. Sau uku ina rubuta ta yadda ta faru, ba ragi ba ƙari, sau uku tana fitowa a bushe kamar takardar shaida a gaban alƙali. Duk abin da ke ciki gaskiya ne, amma wanda ya karanta ba ya jin abin da na ji a ƙirjina a gindin bishiyar nan. Na daɗe kafin in gane cewa abin da marubuci ke bukata daga rayuwarsa shi ne zafin abin da kuma ƙananan abubuwan da sai wanda ya tsaya a wurin ne ya san su. Sauran kuwa, wato sunaye da gari da ranar da jerin yadda abin ya gudana, duk ana iya sauke su a ɗora wasu. Matakan da ke ƙasa su ne hanyar da nake bi yanzu, kuma da wannan ranar ta Talata zan yi ta buga misali.

Mataki na 1: Tono abin, ka rubuta shi ɗanye

Nemi littafin rubutu guda, ko ka buɗe wani wuri a wayarka da ba mai shiga sai kai. Wannan rumbu ne, ba za a buga shi ba, don haka kada ka damu da ƙa'idar rubutu ko daɗin jimla.

Kada ka fara da manyan abubuwa irin su ranar aurenka ko ranar da ka gama makaranta. Waɗannan ka riga ka ba da labarinsu sau da yawa har sun yi santsi, bakinka ya saba da su. Nemi abin da har yau in ya faɗo maka a rai kana cikin mota ko kana alwala sai ka ji wani abu ya tsaya maka a wuya. Maganar da aka yaɓa maka a gaban baƙi. Ranar da ka yi ƙarya aka doki ƙaninka a madadinka. Kallon da mahaifiyarki ta yi wa akwatunan lefen amaryar mijinta. Rubuta goma irin waɗannan, layi ɗaya ɗaya, sannan ka zaɓi wanda ka fi jin nauyin rubutawa.

Ka ba shi minti ashirin ba tare da ka tsaya gyara ba, kana amsa tambayoyin jiki. Wane lokaci ne na rana, kuma inuwa ta kai ina? Wane wari ne a wurin? Me ke hannunka? Wa ya fara magana, da waɗanne kalmomi, a bakin Kano ko na Sakkwato ko na Damagaram? Wane sauti ke tashi daga nesa wanda ba ruwansa da abin da ke faruwa? Ni da na yi haka sai ga abubuwan da ban san na riƙe ba: takalmin Baba a goge yake tas, rediyon mai shayi yana ta labaran duniya, kuma ɗankwalin da aka ɗaure kular da shi na Umma ne, wani shuɗi mai ɗigo-ɗigo.

Bayan ka gama, ka ja layi a ƙarƙashin abin da idonka ya gani da kunnenka ya ji, ka ware shi daga abin da aka ba ka labari daga baya. Tunani yakan gauraya su, kuma na farkon ne dukiyarka. Gani ya kori ji.

Mataki na 2: Gano ƙwayar da ke cikin ɓawon

Karanta abin da ka rubuta ka tambayi kanka dalilin da ya sa wannan, cikin dubban ranakun da ka yi a duniya, ya ƙi barin ka. Amsar farko da za ta zo maka yawanci ta sama-sama ce. Tawa ita ce talauci. Amma talauci mun sha shi kafin ranar da bayanta, kuma akwai ranakun da suka fi ta yunwa waɗanda ban ko tuna su. Da na ƙara tonawa sai na tarar abin da ke ci na shi ne kunyar ganin wanda kake girmamawa a cikin rauninsa, da kuma shirun da yaro ya ɗaukar wa kansa don ya rufa wa ubansa asiri.

Ka rubuta naka a jimla ɗaya, ba sunan kowa a ciki, ba sunan gari. In jimlar ta tsaya da kanta har wanda bai san ka ba zai ce shi ma ya taɓa jin haka, to ka sami jigonka. In kuwa ba ta da ma'ana sai an san ko wane ne kawunka da abin da ya yi wa gonar gado, da sauran tono.

Sai ka ƙara da tambaya guda da har yau ba ka san amsarta ba. Tawa a lokacin da nake rubutun ita ce: shin ni kaɗai ne na sani a gidan nan? Wannan tambayar ce za ta ja ka har ƙarshen littafi. Wanda ya zauna rubutu yana da amsar komai, wa'azi zai yi ko ƙara zai kai.

Mataki na 3: Duba ko ya huce

Abin da ya faru da kai watan jiya bai isa shiga littafi ba. Ka rubuta shi a rumbu ka rufe. Alamar ya huce ita ce ka iya ba da labarin har ka faɗi wani abin kirki guda game da wanda ya ɓata maka, ba tare da ka ji kamar an zare maka haƙori ba. In ba ka kai nan ba, ɗauki wani daga cikin goman nan.

Mataki na 4: Fitar da labarin daga gidanku

Nan ne aikin yake, kuma nan ne sababbin marubuta suka fi yin rowa. Sai mutum ya mayar da Hadiza ta zama Hajara, ya bar ta da hushiryarta da shagon ɗinkinta da 'ya'yanta huɗu a unguwarsu, ya ce ya sauya. Duk dangi za su gane ta tun a shafi na biyu, shi kuma hannunsa zai kasance a ɗaure, don duk inda labari ya nemi ya karkata sai ya tuna ai Hadiza ba ta yi haka ba.

Marubucin Ingila Charles Dickens misali ne da ya kamata a tsaya a kansa. A 1824, yana ɗan shekara 12, aka kulle mahaifinsa a kurkukun Marshalsea da ke Landan saboda bashi, shi kuma aka tura shi wani kamfanin man goge takalmi yana manna takardu a jikin kwalabe, ana biyan sa sule 6 a mako. Abin ya yi masa ciwo har ya ɓoye shi, jama'a ba su sani ba sai bayan rasuwarsa a 1870, da amininsa John Forster ya rubuta tarihinsa. Dickens ya taɓa fara rubuta tarihin kansa ya ajiye. Daga baya ya zuba abin a cikin littafinsa David Copperfield, wanda ya riƙa fitowa kashi-kashi duk wata daga 1849 zuwa 1850. Dubi yadda ya sarrafa shi. Yaron littafin maraya ne, mijin uwarsa ne ya tura shi aikin. Kamfanin man takalmi ya koma sito na kwalaben giya. Uban nan mai cin bashi kuwa, mai daɗin baki da dogon buri, ya cire shi daga matsayin uba ya mayar da shi maigidan da yaron yake haya a wurinsa, kuma ko kurkukun da aka kai shi ba Marshalsea ba ne. Abin da bai taɓa ba shi ne ƙunar yaro mai ƙwaƙwalwa da ya ga an jefar da shi ba mai tunanin makomarsa. Da yake mutumin ba ubansa ba ne a takarda, sai ya sami damar kallon sa da ƙauna da dariya da takaici gaba ɗaya, abin da zai yi wuya ɗa ya yi wa mahaifinsa a bainar jama'a.

Ga yadda za ka yi naka. Ɗauki kowane mutum da ke cikin abin da ya faru, ka sauya masa aƙalla abu huɗu manya: garinsu, sana'arsa, shekarunsa, dangantakarsa da tauraron labari, ko ma ka mayar da namiji mace. Kana iya narkar da mutum biyu ko uku su zama ɗaya, ka ɗauki rowar wannan da muryar waccan da tafiyar wani malaminku na firamare. Kana kuma iya raba mutum ɗaya gida biyu in halayensa sun yi wa tauraro ɗaya yawa.

Sannan ka sauya idon da ke kallo. Wannan shi ya ceci labarina. Muddin yaron nan ɗan aji biyu ne ke ba da labari, ni ne, kuma ina ta lallaɓa shi ina kare shi. Sai na ƙwace ganin daga hannunsa na ba wata mata, matar wani direban babbar mota da maigidansa ya karɓe makulli. Ita ce ta hango mijinta a zaune a inda bai kamata ba, tana hanyar zuwa barka. Washegari da asuba ta tashi ta zuba masa abinci a kula kamar kullum, ta yi masa a dawo lafiya.

Amma ka sani duk abin da ka sauya ya zama bashi a kanka. Da na mayar da ma'aikacin masaƙa direba, dole na je na zauna da direbobi na ji yadda ake lodi, da abin da ke tsakanin direba da yaron mota da ɗan kamasho, da kwana nawa ake yi a hanyar Legas, da abin da mutum yake sayo wa iyali a dawowa. In ba ka biya wannan bashin ba, mai karatu zai ji inda ka san abin da kake faɗa da inda kake lalube, kamar yadda ake gane faci a jikin riga.

Mataki na 5: Bar labari ya bi hanyar da rayuwa ba ta bi ba

A gidanmu ba abin da ya biyo bayan ranar nan. Na yi shiru, wata uku suka wuce, Baba ya faɗa, aka ci gaba da rayuwa. Haka rayuwa take, abubuwa su taso su lafa ba tare da sun haɗu da juna ba. Labari kuwa yana son wanda ke neman wani abu, da abin da ya tare masa hanya, da lokacin da dole ya zaɓa ya kuma biya kuɗin zaɓinsa.

Makamin wannan mataki kalma uku ne: da a ce. Zauna ka rubuta guda goma. Da a ce kuɗin cefanen da yake ba ta kullum bashi yake ciyowa, kuma mai bashin ya yi sallama a ƙofar gida? Da a ce ta sayar da ɗankunnenta tana cusa kuɗin a aljihun rigarsa da dare, shi kuma ya gane amma ya kasa magana? Da a ce ana cikin haka aka zo neman auren 'yarsu, iyayen yaro suna taƙama da cewa gidan direba suka zo? Uku na farko da za su zo maka yawanci ka taɓa ganin su a wani littafi ko a fim. Daga na shida zuwa sama ake samun naka.

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta sha faɗa cewa an cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana 'yar shekara 13, kuma sai daga baya ta koma neman ilimi ta hanyar karatun manya. Littafinta Wa Zai Auri Jahila? na 1990 a kan yarinyar da aka raba da makaranta aka aurar wa dattijo yake. Ciwon nata ne, amma yarinyar da ta ƙirƙira tana da nata iyaye da nata hanya da nata ƙarshe, kuma shi ya sa mata da yawa da ba su san marubuciyar ba suke ganin kansu a ciki.

Akwai wata magana da nake so ka cire daga bakinka tun yau, wato “ai wallahi haka ta faru”. In mai karatu ya ce wani wuri bai kama hankali ba, faruwarsa a zahiri ba ta wanke ka. A duniya mutum yakan ci karo da ɗan'uwansa da ya ɓace shekara ashirin a cikin motar haya, a yi ta salati. A littafi sai ka share wa wannan haɗuwar hanya tun daga baya, ko ka cire ta.

Mataki na 6: Yi wa wanda ya cuce ka adalci, ka kuma taka naka tudun

Littattafanmu cike suke da kishiya mai bin bokaye da uwar miji mai baƙar zuciya da tauraruwar da ba ta taɓa yin laifi ba sai haƙuri da kuka. Sau da yawa in ka bincika za ka tarar marubucin ya ɗauko wani da ya ɓata masa ne yana rama wa da alƙalami. Mai karatu yana jin ƙamshin ramuwa daga nesa, kuma da zarar ya ji sai ya daina yarda da kai.

Ga aikin da za ka yi, kuma na san ba shi da daɗi. Rubuta shafi guda da bakin mutumin nan, yana ba da labarin abin da ya faru ga wanda yake ƙauna, yana ganin shi ne mai gaskiya. Me yake tsoro? Wa ya taɓa yi masa irin abin da ya yi maka? Me yake yi da dare in kowa ya yi barci? Uwar mijin da ke ƙirga cokalin shinkafa wataƙila ita ce ta yi shekara goma sha biyar tana surfe da wankau ta ciyar da yaron nan, yau kuma tana ganin wata ta zo ta same shi a dafe. Wannan bai sa abin da take yi ya zama daidai ba, amma ya mayar da ita mutum, kuma muguntar mutum ta fi ta dodo tsoratarwa. Shafin ba lallai ya shiga littafin ba. Zai dai sauya yadda take magana a duk inda ta fito.

Sai ka juyo kan tauraron da ke ɗauke da ciwonka. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Ba shi wani aibi naka na gaske, wanda kake ɓoyewa. Matar direban nan na ba ta wani abu da na sani a kaina: a cikin shirun da take yi akwai tausayi, akwai kuma ɗan jin daɗin cewa ta riƙe wani sirri da ya ɗora ta a kansa. Ranar da na rubuta wannan ne ta fara numfashi.

Mataki na 7: Ɗebo daga abin da ka gada

Rayuwarka ba ta tsaya a kan abin da ya faru da jikinka ba. Marubuciya Chimamanda Ngozi Adichie an haife ta a 1977, shekara 7 bayan ƙare yaƙin basasar Nijeriya, amma kakanninta maza biyu duk a lokacin yaƙin suka rasu a sansanonin gudun hijira, kuma ta tashi tana jin labarin a bakin iyayenta. Daga nan, tare da bincike mai yawa, littafinta Half of a Yellow Sun ya fito a 2006.

Kai ma akwai tsofaffi a gidanku da suka ga fari da yunwar 1973, ko suka yi tafiyar aikin hajji ta ƙasa suka yada zango a Sudan, ko suka yi fataucin goro zuwa Kumasi. Je ka zauna da su tun suna nan. Kada ka ce “Kaka, ba ni labarin yunwa”, don za ta ba ka wanda ta saba bayarwa. Tambaye ta me aka ci a ranar da hatsi ya ƙare, wa ya fara barin gari, me aka fara sayarwa a ɗakinta. In ta yarda ka naɗi muryarta a waya, in ba ta yarda ba ka rubuta da zarar ka fito, kafin kalmominta su koma irin naka. In ta yi shiru a wani wuri, kada ka matsa. Rubuta cewa a nan ta yi shiru.

Mataki na 8: Auna amanar da ke wuyanka

Duk labarin da ka ɗebo daga rayuwarka akwai wasu a ciki da ba su ce a sa su ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mu da aka karantar da mu aya ta 12 ta Suratul Hujurat, inda aka kwatanta giba da cin naman ɗan'uwa matacce, bai kamata mu ɗauka cewa sauya suna kaɗai ya fitar da mu daga ciki ba. In mutanen unguwa za su karanta su ce wance ce, to ka yi da ita, kuma a gaban dubban mutane. Ban da haka akwai shari'ar ɓata suna, wadda ba ta tsayawa a kan ko ka rubuta sunan mutum muddin ana iya gane shi.

Bi littafin babi-babi da tambaya biyu. Wa za a iya ganewa a nan? Me zai rasa in an gane shi? In amsar ta taɓa aure ko mutuncin 'ya'ya ko wata cuta ko wani abu da mutum ya tuba ya bari, koma mataki na 4 ka ƙara nisa, ko ka nemi izini, ko ka cire. Wanda ya rasu ma yana da 'ya'ya da jikoki.

Ina roƙon masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad su yi hattara da abu biyu. Na farko, rubuta “labarin gaskiya” a goshin littafi yana jawo masu karatu, amma yana mayar da su masu farauta, kowa na neman gano ko wace ce. Na biyu, in wata ta turo miki damuwarta a asirce tana neman shawara, ba ta ba ki labari ba ne. Sai kin tambaye ta a fili, kuma ko ta yarda ki sauya shi yadda ko mijinta ya karanta ba zai gane ba, domin ranar da ta yarda tana cikin zafi ne. Labarin da ya fito daga jikinka kuwa, ka gama shi tukuna kafin ka fara saki. In kana rubutawa masu sharhi suna ta cewa a sake ta, a kashe shi, a rama mata, za su ja ka zuwa ramuwar da ka sha wahalar kauce wa.

Mataki na 9: Ba mutum biyu su karanta

Na farko wanda bai san ka ba, bai san gidanku ba. Tambaye shi inda ya gaji da inda ya ruɗe. Za ka tarar wuraren da ya gaji su ne waɗanda ka bari don kawai sun faru kuma kana ƙaunar su, kamar doguwar tafiyar nan zuwa ƙauye ko hirar da ba ta kai labari ko'ina. Yanke su ka mayar rumbu, wata rana za su yi amfani. Wuraren da ya ruɗe kuma su ne inda ka ɗauka kowa ya san abin da kai kaɗai ka sani.

Na biyu wanda ya san abin da ya faru, in akwai, kuma in kai labarin gare shi ba zai tayar da wata fitina ba. Ni Umma na kai wa, lokacin Baba ya shekara biyu da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Idonta ya yi rauni, don haka ni na karanta mata bayan sallar isha'i, dare uku a jere. Ban ce mata komai game da darbejiyar nan ba. Da na kai inda matar direba ta tashi da asuba tana zuba abinci a kula alhali ta san ba inda za shi, sai ta ɗaga mini hannu na dakata.

Ta ce, “Wannan matar taka, ba sai ta gan shi a hanya za ta sani ba. Mai wanki ita ke fara sani. Babanku kullum in ya dawo akwai burbushin auduga a hularsa da wuyan rigarsa, sai na kakkaɓe kafin in jiƙa. Sati biyu na yi ina ɗaukar riga ba ko ƙwalli.”

Na ce, “Umma, ashe kin sani?”

Ta ce, “Karanta mini gaba.”

Da na koma ɗaki a daren na buɗe babi na biyu na cire haɗuwar hanyar barka gaba ɗaya. Na sa matar direba a bakin rijiya da bahon wanki, tana juya rigar mijinta tana shinshinawa, tana neman warin gas da baƙin mai, ba ta samu ba.